Kibiya Na Rubuta A, B, C, D a Vim: A Wane Mataki Ya Kamata a Gyara?

Duk wanda ke shiga saba ta SSH, wato hanyar shiga kwamfutar nesa, yana gyara fayil ya san wannan ciwon kai. Kana cikin rubutu ka danna kibiyar sama, sai manhajar rubutu Vim ya buɗe sabon layi ya ajiye maka A. Ka danna Delete, maimakon harafi ya goge sai ƙarami ya koma babba. Ka danna Esc, sai ka ƙirga daƙiƙa guda cur kafin ya fita daga yanayin rubutu. A nan Saudiyya abin ya fi cakuɗewa, domin ɗalibi a Madina ko mai kula da sabar kamfanin Umara a Makka ko Jidda yawanci yana kan Windows da PuTTY (manhajar taminal, wato tagar da ake buga umarni a cikinta), allon madannansa na Larabci da Turanci ne, sabar Linux ce a wata ƙasa, kuma yana son rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Wuraren da za a iya gyarawa huɗu ne: bayanin taminal, cikin manhajar rubutun, saitin taminal ɗin kanta, da sababbin ƙa'idojin aika maɓalli. Kowanne yana da inda ya dace, kuma gyara a matakin da ba nan matsalar take ba shi ke haifar da gyaran gangar auzinawa.

Ruwa ba ya tsami banza

Taminal ba ta gaya wa Vim cewa an danna kibiya. Bayit kawai take turawa, kamar yadda na'urar VT100 ta kamfanin DEC ke yi tun 1978. Harafi na yau da kullum bayit ɗaya ne. Ctrl da harafi kuwa ana samunsa ne ta zubar da manyan bit, a bar biyar na ƙasa, shi ya sa Ctrl+I da Tab duk lamba 9 ne, Ctrl+M da Enter duk 13, Ctrl+[ da Esc duk 27. Ta tsohuwar hanya babu dabarar da za ta raba su, kuma Ctrl+Shift+A daidai yake da Ctrl+A.

Maɓallan da ba su da lamba tasu, irin su kibiyoyi da Home da F1, ana turo su a jere, a fara da Esc. Kibiyar sama ita ce Esc [ A, ko Esc O A idan manhaja ta sa taminal a yanayin da ake kira na aikace-aikace. Idan Vim bai gane jerin ba, sai ya ɗauke shi ɗaiɗai: Esc ta fitar da kai daga rubutu, O ta buɗe layi a sama, A ta zauna a ciki. B ta ƙasa ce, C ta dama, D ta hagu. Delete kuma Esc [ 3 ~ ce, kuma ~ a Vim umarni ne na juya harafi. Jinkirin Esc ma daga nan yake: da bayit 27 ya iso, dole manhaja ta dakata ta ga ko Esc ce ita kaɗai ko farkon jeri ne.

Kafin ka taɓa kowane fayil, duba abin da ke isowa. Rubuta `cat -v` ko `sed -n l` ka danna maɓallin, ko `showkey -a` idan akwai shi. A cikin Vim, a yanayin rubutu, danna Ctrl+V sannan maɓallin. Masu Windows Terminal su lura, ta riga ta kame Ctrl+V don liƙa rubutu, sai a yi amfani da Ctrl+Q. Yi gwajin sau biyu, a wajen tmux (manhajar da ke buɗe tagogin taminal da yawa a cikin guda) da cikinsa, domin amsar kan bambanta. Idan babu abin da ya fito ko kaɗan, to maɓallin bai ma iso sabar ba, Windows ko taminal ta riƙe shi, kuma babu layin da za ka sa a vimrc, fayil ɗin saitin Vim, da zai dawo da shi.

Bayanin taminal: TERM da terminfo

Nan ne ya kamata a fara, kuma nan ne aka fi tsallakewa. TERM suna ne kawai, manhaja tana ɗaukarsa ta je rumbun terminfo ta karanta abin da kowane maɓalli ke turowa. `echo $TERM` zai nuna sunan, `infocmp -1` zai zube bayanin: kcuu1 kibiyar sama, khome da kend, kdch1 Delete, kbs Backspace, kf1, kf2 da sauransu na maɓallan F. Kwatanta da abin da ka gani a gwaji. Kada kcuu1 ta ruɗe ka idan ka ga \EOA alhali `cat -v` ya nuna ^[[A, domin terminfo tana rubuta sigar yanayin aikace-aikace ne, wanda Vim ke kunnawa da kansa idan ya tashi.

Saɓanin da aka fi haɗuwa da shi a wajenmu na PuTTY ne. Tana gabatar da kanta da sunan xterm, amma a saitinta na asali Home tana turo Esc [ 1 ~, End Esc [ 4 ~, F1 Esc [ 11 ~, alhali bayanin xterm yana jiran Esc O H da Esc O F da Esc O P. Vim yakan rufa asiri saboda yana ɗauke da nasa jadawalin na xterm a ciki mai karɓar sigogi da dama, amma sauran manhajoji sai su fara tuntuɓe. Rumbun ncurses, wanda Thomas Dickey ke kula da shi tare da xterm, yana da putty da putty-256color. A Debian da Ubuntu suna cikin kunshin ncurses-term, kuma ana canza sunan ne a PuTTY ƙarƙashin Connection, Data.

Idan sabar ba ta san taminal ɗinka ba kuma ba ka da ikon girka komai, kai mata bayanin da kanka:

`infocmp -x | ssh saba 'tic -x -'`

Zai zauna a ~/.terminfo, ba ya buƙatar izinin shugaba. Wannan -x ɗin tana da muhimmanci, ita ke ɗauko ƙarin sunaye irin kRIT5, wato Ctrl da kibiyar dama.

Amfanin wannan hanya shi ne gyara ɗaya ya wadatar da Vim da nano da less da htop gaba ɗaya. Iyakarta kuma a fili take: tana bayyana abin da taminal ke turowa ne kawai, ba ta ƙirƙiro sabo, ba kuma ta da abin cewa kan Alt da harafi. Abin da muke roƙon kowa ya bari shi ne sa `export TERM=xterm` a cikin .bashrc. Ƙarya ce ake yi wa kowace manhaja, kuma ranar da aka shiga tmux ko allon Linux na kai tsaye, inda F1 ke turo Esc [ [ A, za ta fito fili.

Koya wa manhajar rubutun

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawo a intanet, kuma tana da fuska biyu waɗanda mutane ke ɗauka ɗaya ne. Ta farko ita ce ɗaura ɗanyen jeri:

`map <Esc>[1;5C <C-Right>`

Tana aiki, amma da tsada. Vim yana ɗaukar wannan a matsayin ɗauri irin wanda mutum ke bugawa da yatsu, don haka yana jira gwargwadon timeoutlen, wanda asalinsa milisakan 1000 ne. Daga ranar duk Esc da ka danna a yanayin da ɗaurin ke aiki sai ta yi jiran daƙiƙa guda. Idan ka rage timeoutlen don ka tsira, sai ɗaurin da kake bugawa da hannu, irin na maɓallin jagora (leader), su daina kamawa sai ka yi saurin walƙiya. An gudu ba a tsira ba.

Fuska ta biyu ita ce a gaya wa Vim cewa wannan jerin lambar maɓalli ce, da `set`. Lambar maɓalli tana bin wani agogo dabam, ttimeoutlen, wanda za ka iya ragewa ba tare da ka taɓa na farko ba:

`set ttimeout ttimeoutlen=30`
`execute "set <xUp>=\e[1;*A"`
`execute "set <xDown>=\e[1;*B"`
`execute "set <xRight>=\e[1;*C"`
`execute "set <xLeft>=\e[1;*D"`

Tauraron nan yana tsaye ne a madadin lambar abin da aka haɗa da kibiyar. Lissafin xterm mai sauƙi ne: a fara da 1, a ƙara 1 don Shift, 2 don Alt, 4 don Ctrl. Shift kaɗai 2, Alt 3, Ctrl 5, Ctrl da Shift 6. Layuka huɗu sun rufe dukkan haɗe-haɗen kibiyoyi. Vim yana yin haka da kansa idan TERM ta fara da xterm, saboda haka an fi buƙatarsu a cikin tmux ko takwaransa screen. `:set termcap` zai nuna maka duk lambobin da ya sani a lokacin.

Nawa za a sa a ttimeoutlen? Fayil ɗin defaults.vim yana sa 100, amma da zarar ka ƙirƙiri vimrc naka ba a ƙara karanta shi sai ka kira shi da kanka, kuma nan ne jinkirin Esc ke faɗo wa mutane ba su san daga ina ba. A kan kwamfutarka 20 zuwa 30 ya isa. Idan ta intanet ɗin waya kake shiga sabar nesa, bar shi tsakanin 50 da 100. Kada ka sa 0, domin duk ranar da jeri ya iso a rabe za ka koma gidan jiya na A, B, C, D.

Idan kuwa kibiyoyi suna aiki a yanayin umarni amma suna zubo haruffa a yanayin rubutu kawai, duba ko ƙaramin Vim ne ke gudana a salon tsohon vi, kamar yadda ake samu a sabuwar sabar Debian ko Ubuntu. `set nocompatible` a vimrc, ko girka cikakken Vim, ya kashe maganar.

Neovim, wani reshe na Vim, ba ya cikin wannan duka. Ya yi watsi da saitukan t_ da `set <xUp>`, yana karanta terminfo kuma yana gane jerin xterm da Alt da kansa, ttimeoutlen nasa 50 ne. Wanda ya kwashe vimrc ya kai can ya ga layukan ba su yi komai ba, ba lalacewa ba ce. A Emacs wurin da ya yi daidai da `set` shi ne input-decode-map, misali `(define-key input-decode-map "\e[1;5C" [C-right])`, kuma C-h l yana nuna abin da ya iso.

Raunin hanyar gaba ɗaya shi ne tana gyara manhaja ɗaya a saba ɗaya. Mai kula da sabobi goma sai ya kai fayil ɗin wuri goma.

Saitin taminal ɗin kanta

Sau da yawa dannawa biyu a nan ta fi layi ashirin a vimrc. A PuTTY, shafin Keyboard yana da zaɓin Backspace tsakanin Control-H, lamba 8, da Control-?, lamba 127. Duba `stty -a` a sabar, abin da ke gaban erase shi za ka zaɓa, kuma a Linux na yanzu 127 ne. Sababbin fitowar PuTTY suna da zaɓin Xterm 216+ don maɓallan F da kuma salon xterm don kibiyoyi. Idan ka kunna su, Ctrl da kibiyar dama zai turo Esc [ 1 ; 5 C, sunan xterm da take ɗauke da shi ya kusa zama gaskiya. A Terminal na Mac sai an kunna zaɓin mai da Option ya zama Meta kafin Alt ya turo komai mai amfani. Ctrl+S da ke daskarar da allo kuwa ba laifin Vim ba ne, tsohon tsarin dakatar da kwararar bayanai ne, Ctrl+Q ke sakinsa, `stty -ixon` ke kashe shi.

Gyaran nan yana bin ka duk sabar da ka shiga. Amma yana zaune a kwamfuta ɗaya, ranar da ka ari ta abokin aiki ko ka zauna a ɗakin kwamfutocin jami'a, babu shi.

Shi tmux taminal ce ta biyu a tsakiya, yana karɓar jeri ya fassara ya sake turawa. Sa `set -g default-terminal "tmux-256color"`, sannan `set -s escape-time 10`. Tsofaffin fitowarsa suna riƙe Esc milisakan 500, sai a 3.5 aka rage asalin zuwa 10. Wanda ya gyara ttimeoutlen amma Esc na nan da nauyinta, nan zai duba.

Sababbin ƙa'idoji

Duk hanyoyin baya lallaɓa tsohon tsari suke yi. Wanda ke son ɗaura Ctrl+I dabam da Tab, ko Ctrl+Enter, ko Ctrl+Shift da harafi, dole taminal ta canza abin da take turowa. Akwai modifyOtherKeys na xterm, inda Ctrl+I ke zama Esc [ 27 ; 5 ; 105 ~. Akwai kuma salon da Paul Evans ya gabatar mai ƙarewa da u, Esc [ 105 ; 5 u, wanda Kovid Goyal ya faɗaɗa a taminal ɗinsa kitty, wasu irin foot da WezTerm suka ɗauka. A ƙa'idar kitty ita kanta Esc tana zama Esc [ 27 u, ka ga batun jira ya mutu ke nan. Vim ya fara gane modifyOtherKeys a 8.2 na 2019, kuma 9.1 na 2024 yana da saitin keyprotocol da ke zaɓar ƙa'ida bisa sunan taminal. Neovim yana tambayar taminal da kansa idan ya tashi, idan ba ta amsa ta kitty ba ya nemi ta xterm.

Gwada ko taminal ɗinka ta iya modifyOtherKeys da wannan, ka danna Ctrl+I cikin daƙiƙa goman:

`printf '\e[>4;2m'; sleep 10; printf '\e[>4;0m'`

Da gangan aka sa sleep a wurin cat, domin a mataki na 2 shi ma Ctrl+C jeri yake zama, ba zai tsayar da komai ba. Idan ka ga 27;5;105 a allo, taminal ɗinka ta iya. Idan tazarar Tab kawai ka gani, ba ta iya ba.

Wannan ita ce hanya mafi tsabta, amma sai sarƙar ta cika: taminal, da tmux, da manhajar. A tmux sai 3.2 zuwa sama, da `set -s extended-keys on` da `set -as terminal-features 'xterm*:extkeys'`. Kuma idan Vim ya mutu ba shiri ko layin SSH ya yanke, taminal na iya zama a wannan yanayin tana zubo lambobi a duk Ctrl da ka danna, sai ka buga `reset`. Shawararmu ita ce duk abin da aikinka ya dogara a kai kada ka ɗaura shi a maɓallin da sai da sabuwar ƙa'ida yake wanzuwa.

Haruffa masu lanƙwasa, da Larabci

Nan ne zaɓin ya fi shafarmu. Tunanin da ke fara zuwa wa kowa shi ne Alt+b ya ba da ɓ, Alt+d ɗ, Alt+k ƙ. Sai a rubuta `inoremap <M-d> ɗ` a Vim. Taminal tana turo Alt+d a matsayin Esc d, shi kuwa Vim a tsohon tsarinsa yana jiran bayit ɗaya mai bit na takwas a kunne. Ka zo rubuta «ɗebo»: Esc ta fitar da kai, d da e suka haɗu suka zama umarnin share har ƙarshen kalmar da ke gaba, b ta ja baya, o ta buɗe sabon layi. Kalma ta tafi, kai kuwa idonka na kan takarda.

`execute "set <M-d>=\ed"` yana gyara wannan, amma tsugune ba ta ƙare ba. A wurin Vim, Alt+b daidai yake da â, Alt+d da ä, Alt+k da ë. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi masu haɗa Hausa da Faransanci za su rubuta tâche su ga tɓche. Mafita ita ce aron maɓallan da babu su a kowane allo, Vim ya san har F37:

`execute "set <F31>=\eb"`
`inoremap <F31> ɓ`

Saura matsala ɗaya wadda ba ta da magani a tsohon tsari. Esc sannan k, wato fita ka hau layin sama, motsi ne da mai Vim ke yi sau ɗari a yini. Idan layi ya yi sanyi, bayit biyun suka taru a hanya suka iso tare, sai a karanta su Alt+k, ƙ ta faɗo cikin fayil ɗin saitin saba ba ka sani ba. Neovim ma yana yin haka idan ba a kan sabuwar ƙa'ida yake ba. Ga kuma Alt+Shift da Windows ke amfani da shi wajen juyawa tsakanin Larabci da Turanci, wanda ke nufin neman babbar Ƙ da Alt+Shift+k zai iya juya maka harshen allo.

Saboda haka, don haruffan Hausa, mun fi son a kauce wa Alt ɗungurungum, a yi amfani da digraph, wato alamomi biyu da Vim ke haɗawa su ba da harafi ɗaya:

`digraphs b; 595 d; 599 k; 409 y; 436 B; 385 D; 394 K; 408`

A yanayin rubutu Ctrl+K, sannan b, sannan alamar `;`, ya ba ka ɓ. Dannawa uku ce maimakon ɗaya, amma kowacce bayit ɗaya ce da ba ta fara da Esc ba, tana wucewa ta PuTTY da tmux da kowane irin layi, a Vim da Neovim duka. Mai dogon rubutun Hausa kullum gara ya girka allon Hausa a kwamfutarsa, harafin ya taho a shirye cikin UTF-8, ya tabbatar PuTTY da sabar da `encoding` na Vim duk UTF-8 ne.

Larabci kuma, idan ka juya allo daga Windows, maɓallin j ت yake turowa, k kuma ن, umarnin Vim duk sun tsaya. Ana iya fassara su da saitin langmap na Vim, sai dai maɓallin b a Windows haruffa biyu yake turowa, ل da ا, waɗanda ke kan g da h, sai Vim ya karanta gh ya shiga yanayin zaɓe, harafin da ka buga na gaba ya maye gurbin rubutu. Abin da ya fi shi ne a bar Windows a Turanci, a sa `set keymap=arabic` da `set iminsert=0 imsearch=0`, a riƙa juyawa da Ctrl+^ a cikin rubutu. Bayit 30 ne, mafi yawan taminal suna ba da shi da Ctrl+6, kuma da ka danna Esc umarni suna nan yadda ka san su. PuTTY tana haɗa haruffan Larabci tana kuma jera su daga dama da kanta, don haka a ƙara `set termbidi` kada Vim ya sake yin aikin a kan nata.

Mai shiga sabobi da yawa daga kwamfuta ɗaya ya gyara PuTTY da TERM, ya bar vimrc da ttimeout kawai. Mai saba ɗaya da yake shiga daga kwamfutoci dabam-dabam ya sa ƙarfinsa a vimrc, da `set` ba da `map` ba, ya riƙe digraphs don Hausa. Mai Linux a gabansa wanda ke iko da taminal da manhaja duka, ya ɗauki kitty ko foot ko xterm da Neovim ko Vim 9.1, a nan ne Alt+k zai ba da ƙ ba tare da ya ci karo da Esc ba.